Ranar da Baba ya tsinke furen mangwaro

A gidanmu na Limanti akwai ɗan mangwaro mai aure da Baba ya dasa, tsayinsa bai wuce kafaɗata ba. A gindinsa Baba yake alwala, don kada ruwan ya tafi a banza. Da ya yi furen farko, sai da na gaya wa duk yaran layinmu cewa bana mangwaron gidanmu za mu sha.

Rannan bayan la'asar na dawo daga makaranta, na tarar da Baba a tsugune yana tsinke furen ɗaya bayan ɗaya. Na yar da jaka na riƙe hannunsa.

"Baba, ai 'ya'yan kake kashewa!"

Bai tsawata mini ba. Ya ce, "Kai dai gaggawa gare ka. Taɓa jikinsa ka ji. Wannan siririn ne zai ɗauki kaya? In ya yi 'ya'ya bana, ya gama girma ke nan. Bari ya yi ƙarfi tukuna."

Ya zuba mini furen a tafin hannu. Har yau ina jin ƙamshin, da danƙon da ya manne mini a yatsu.

Mangwaron ya girma har ya wuce katanga. Ni kuwa ina aji biyu na sakandare Baba ya rasu, aka ce in ajiye littafi in riƙe gida da ƙanne biyar. 'Yan'uwan Baba duk suna zaune a wurin da aka faɗi haka. Wallahi ba wanda ya taɓa jikina ya ji ko zan iya.