Ƙofar Inna Tabawa

Shekarar da hukuma ta ce kowane gida sai ƙofa mai buɗewa da ganin fuska, Inna Tabawa ta ce ba a gidanta ba. Marigayi mijinta ya haɗa mata 'yar kwamfuta cikin gwangwanin madara, wadda ba ta buɗe wa kowa ƙofa sai ya yi sallama.

Ranar Laraba wani ma'aikacin hukuma ya zo cire ta. Ya miƙa fuska, shiru.

"Inna, buɗe!"

"Kai, mara kunya! Gidan mutane ne, yi sallama!"

Ya sosa ƙeya, ya sa wayarsa ta rangaɗa masa sallamar. Ƙofa ko motsi.

"Da bakinka, ɗan nema!"

Ya buɗe baki kuwa, amma wallahi ba wanda ya taɓa koya masa.