Mai Lambu da Dashen Gawo

Zauna, Ɗanjummai, ka daina cika mini kunne da cewa ɗanka ba zai koyi sana'a a hannun kowa ba tunda kana da abin ba shi. Bari in ba ka wani misali, ka je ka tauna shi a gida.

Akwai wani mai lambu, gwanin tumatir na gaske, duk fadamarsu babu na biyunsa. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu gonar tudu wadda ta gaji tiɓis, rairayi zalla, ko gero ba ya fitar da kan kirki a cikinta. 'Yan'uwansa suka ce a sayar a raba. Shi kuwa ya ƙeƙasa ƙasa ya ƙi, don a gonar nan ya fara riƙe fartanya, kuma yana sonta har ransa. Ya roƙe su su bar masa ita shekara guda ya dasa gawo, tunda kowa ya san yadda gero yake ƙiba a gindin gawo. Suka ce sun ji, amma in dashen bai kama ba kada ya sake buɗe baki. Sai ya tsince irin gawo daga kashin awaki, ya sayo ledoji, ya gyara wurin reno a bayan gidansa.

Yana da maƙwabciya, wata tsohuwa da ta daɗe tana renon itatuwa. Ta ce masa ya ɗebo ƙasa daga gindin tsohon gawo ya gauraya da tasa, takin zamani kuma ya sa kamar gishiri a miya. Ya ciro dashenta guda don ya duba, sai ya ga saiwar cike da 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero. Ya ce, "Subhanallahi! Iya, ai cuta kike reno." Kada ka yi masa dariya, yana da hujjarsa: a tumatir, in saiwa ta yi ƙulli, shukar ta gama yawo. Saboda haka ya tara ƙasarsa, ya jibga mata kara ya cinna wuta kamar yadda yake yi wa ƙasar da yake renon tumatir a ciki, sai da ta toyu sarai sannan ya cika ledoji. Da iri ya tsiro ya shiga jiƙa takin yuriya yana ɗura musu ba ƙaƙƙautawa. Kai, ka ga dashe! Kore shar, dogaye, ganye luf-luf, duk mai wucewa sai ya tsaya ya ce ma sha Allah. Na tsohuwa kuwa 'yan gajeru ne, ba su da wani kyan gani, har tausayinta yake ji.

To, abin da bai sani ba, ƙullin saiwar gawo daban yake da na tumatir. Akwai wasu ƙananan halittu a cikin ƙasa waɗanda ido ba ya gani. Su ne suke shiga saiwar su yi ɗaki, su riƙa zuƙo wa itacen abinci daga iska, shi kuma yana ciyar da su daga abin da ganyensa ya samo. In ka fasa ƙulli guda mai rai za ka ga cikinsa ja-ja. Da wannan cuɗanya gawo yake rayuwa a ƙasar da ba ta da komai. Wutar mai lambu ta kashe yawancinsu, 'yan kaɗan da suka tsira kuma dashen bai karɓe su ba, don wanda ake kawo wa tuwo har ɗaki ba ya neman sanin maƙwabci. Saiwar ma ba ta yi nisa ba, me za ta je nema?

Damina ta sauka, ya kwashi dashensa a amalanke ya kai tudu ya dasa. Takin da ya zuba musu a can, ruwa biyu ya wanke shi ya bi rairayi ya wuce. Ganye ya fara ɗorawa-ɗorawa yana kakkaɓewa. Matarsa ta yi masa magana, ya ce ta kwantar da hankalinta, ai dama gawo da damina yake zubar da ganye. Da wannan maganar ya yi ta rarrashin kansa har aka yi girbi. Rani ya shigo, lokacin da kowane gawo a ƙasar nan yake yin ado, na tsohuwa da ta dasa a gefen gonarta suna nan da ransu, kore, suna ta miƙewa. Nasa tsinke ne a tsaye, ka taɓa ya karye. Ya durƙusa ya tumɓuke guda, sai ga saiwa sumul, tsaf, babu ƙulli ko ɗaya, daidai yadda ya so ta.

Ranar da 'yan'uwansa suka zo da mai saye, bai hana su ba, don shi ya ɗauki alkawarin. Yana tsaye aka zagaya iyaka, aka tafa, aka yi fatiha. Wallahi mutumin nan da furfurarsa sai da ya yi hawaye, kuma babu wanda ya cuce shi, gata ya yi wa dashensa iyakar ƙarfinsa. Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman ƙiba an samo rama.