Ranar da Aka Ba da Sunan Kurciya

A gidanmu na unguwar Jarwal, a Makka, Kurciya sunan mai waƙar biki ne da 'ya ke gada daga uwa, tare da tsohon shantun da aka zo da shi daga Sakkwato.

Ina shekara bakwai, wata la'asar Kaka ta tara mata don ta ba da sunan. Inna ta sha lalle tana jira. Kaka ta wuce ta, ta ɗora shantun a cinyar Zainabu, 'yar maƙwabta da take koya wa waƙa.

"Muryarki ta ɗaki ce, 'yata," ta ce wa Inna a hankali.

Inna ce ta fara rangaɗa guɗa. Daga ranar, ko kuka nake, ba ta ƙara yi mini waƙa ba. Har yau ƙamshin lalle ɗaci yake mini.