Belun da Tsohon Wanzami Ya Ƙi Cirewa

Kai da kake cewa ciwon da ya tafi ya tafi ke nan, gyara zama ka ji wannan. Cuta ba ta sallama in za ta tafi, balle in za ta dawo.

A wani ƙauye an yi wani tsohon wanzami, wanda kusan duk magidancin da ke garin shi ya yi masa askin suna. Wata safiya wani manomi ya aika a kira shi. 'Yarsa mai shekara shida ta kwana uku da zazzaɓi, ko kunu ba ta iya haɗiya, muryarta ta dishe. Mutanen gidan sun riga sun yanke hukunci tun kafin ya iso: belu ne, a cire shi a huta. Tsoho ya ajiye zabirarsa a kan tabarma, kakar yarinyar ta riƙe ta a cinya, ya juya fuskarta wajen rana ya danne harshen. Kafin idonsa ya gani, wari ya riga ya gaya masa. Wata yana ce mai ruwan toka ta shimfiɗe a maƙogwaron, irin wadda ke kwanciya a kan kunun da ya huce, wuyan kuma ya kumbura har ya haɗe da haɓa. Ya san wannan ciwo, shekara hamsin rabonsa da shi.

Ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce wannan ba belu ba ne, mashaƙo ne, a kai ta asibiti yanzu-yanzu. Uban ya ɓata rai, don shi sunan ma a bakin tsofaffi kawai yake jin sa. Kaka kuwa ta yi ƙasa da murya, irin ƙasan da kowa zai ji, ta ce ai tsufa ba ya ɓuya, in hannu ya fara rawa sai a ɗora wa ciwo laifi. Uban ya ce ba komai, akwai wani matashin wanzami a ƙauyen gaba mai saurin hannu, ya miƙe zai tada babur. Tsoho ya san matashin nan, ya san kirkinsa, ya kuma san zai yanke, domin bai taɓa ganin wannan yanar ba. In aka taɓa ta da aska jini zai ɓalle, hanyar numfashi ta ƙarasa toshewa, yarinya ba za ta ga la'asar ba. Da abu ɗaya kawai zai iya tsayar da uban, wata magana da ya binne a cikinsa, wadda ko matarsa ba ta taɓa ji ba.

Ya ce, "Tsaya, ɗana. Shekarar da na fara riƙe zabira ciwon nan ya shigo garin nan. Yara huɗu na cire wa belu da aska ɗaya, ina ganin taimako nake yi. Duk huɗun na raka su maƙabarta. Na huɗun yayanka ne, mahaifiyarka ga ta nan, ta san ranar. Aka ce kwanansa ne ya ƙare, ni kuma na yi shiru. In ka ga dama ka tsine mini, amma ka ɗauki yarinyar nan."

Ni kam ban san jarumtar da ta fi wannan ba, mutum ya tona asirin kansa a gaban uwar da ya sa ta kuka, yana sane da abin da gari zai ce. Kaka ta dube shi. Daga nan ta saɓa jikarta a baya, ta ɗaure zani, ta ce wa ɗanta ya tada babur ɗin, asibiti za su.

Malamar asibitin da ta karɓe su matashiya ce, a littafi kaɗai ta taɓa ganin mashaƙo, amma da ta leƙa maƙogwaron ba ta tsaya gardama ba. Ta keɓe yarinyar, aka yi mata allura, aka ba mutanen gidan magani har da shi tsohon. Kashegari ma'aikata suka shigo ƙauyen da rigakafi, suka tarar iyaye sun daɗe da sakaci da shi, tunda an kwana biyu ba a ga ciwon ba. Tsoho ne ya shige musu gaba gida-gida. Ya san yawan yaran kowane ɗaki, kuma uwar da za ta ɓoye ɗanta daga baƙo ba ta iya ɓoye shi daga wanda ya yi masa askin suna. A haka aka gano wasu yara biyu tun ciwon bai ci ƙarfinsu ba. Maganar da tsoho ya tona kuwa ta zaga gari, wasu suka daina kiransa aski. Shi dai kullum sai ya tsaya a bakin hanya ya tambayi masu dawowa daga asibiti ya jikin yarinyar.

Ran kwana na ashirin yana zaune a ƙofar gidansa da hantsi, sai ga kaka tafe, riƙe da hannun jikarta. Yarinyar ta rame, amma da ƙafarta take tafiya. Tsohuwar ba ta ɗauko zancen baya ba, ko da kalma ɗaya. Cewa kawai ta yi, "Durƙusa ki gai da kakanki." Yarinya ta durƙusa ta ce ina kwana da 'yar dasasshiyar muryarta. Tsoho ya buɗe baki zai amsa, kuka ya ci ƙarfinsa.

Da babu wanda ya tuna da kamannin ciwon nan a garin, da aska za a tare shi kamar wancan karon. Gaskiyar Hausawa da suka ce da tsohuwar zuma ake magani.