Hoton Bayan Tamba

Dakta Aminullahi ya kara hoton da allon haske, ya dube shi kamar na ƙiftawar ido biyu, ya ajiye. Mutumin da ke gabansa kuwa ko kallo bai ishe shi ba.

Tamba ne sunan mutumin, manomin albasa daga Argungu. Wata huɗu ke nan ƙugunsa ya riƙe, ciwon na bin cinyar hagu har dunduniya. A zaune yake sallah, da rarrafe yake zuwa bayan gida, ga albasa ta isa cira a fadama. An ce masa a Birnin Kebbi akwai likitan da ke yin allura a gadon baya, mutum ya samu sauƙi. Shi ya sa ya jure jijjigar mota ya zo.

Dakta ya sanar da shi cewa bayansa na saurayi ne, ba tsaga ba goce, don haka babu wurin da za a soka allura. Ya rubuta masa ƙwayoyi, ya ƙara da nasihar cewa lalaci ma ciwo ne.

"Likita, wanga hoto shi ka kwana da ciwon, ko ni?" in ji Tamba.

Dakta ya danna ƙararrawa a shigo da na gaba.

Ba a gardama da Dakta Aminullahi a kan hoto. Shekara biyu da suka wuce ya sayo na'urar ɗaukar hoton ƙashin baya ya girke a asibitinsa. An kafa rumfuna, an yanka sa, shi ya fara kwanciya a cikinta don baƙi su ga ba ta cizo, ya fito ana tafi ya wuce wurin rabon nama. Tun daga lokacin ya daina taɓa marasa lafiya. Me zai yi da hannu, ga na'ura? Yana da shekara hamsin da takwas, yana hawan bene bibbiyu, kuma yakan ce duk wanda ke ɗingishi alhali hotonsa lafiya lau, to zuciyarsa ce ta gurgunce.

Roda ce ke sarrafa na'urar, 'yar Filato mai ƙarancin magana. Ita ta taimaki Tamba ya kwanta, ita ta ga zufar da ta karyo masa kafin ya iya miƙe ƙafa. Ta bi Dakta ofis ta roƙe shi ya duba mutumin da hannu ko sau ɗaya. Ta ce ta ga masu mummunan hoto da aka yi wa allura ba su ji daɗin komai ba, ta kuma ga masu kyakkyawan hoto da ciwo ya hana barci. Hoto dai, a ganinta, ba ya faɗin duka labarin.

Dakta ya yi dariya har ya cire tabarau. Ya tuna mata cewa aikinta danna maɓalli ne, kuma masu neman danna maɓalli sun cika gari. Sai dai abin ya tsaya masa a rai. Ya sa aka tara ma'aikata duka bayan azahar, ya umarce ta ta zaɓo hoto mafi muni a ma'ajiyarta, don ya koya mata karatu a bainar jama'a. Ya ce a shigo da manomin ma, wanda har lokacin ke kishingiɗe a benci yana jiran zafin ya lafa, ya ga yadda ciwon gaske yake.

Roda ta daɗe kafin ta dawo. Ta liƙe kusurwar da sunan mai hoton yake da filasta, kamar yadda ake yi in za a koyar, ta rataya hoton.

Dakta ya yi salati a hankali, irin na wanda ya ga abin da ya daɗe yana nema. Ya ɗauki biro ya shiga nuni. Nan guringuntsi ya cinye. Nan faifan da ke tsakanin ƙasusuwa ya bulluƙo ya danne jijiya. Nan ƙashi ya yi tsiro kamar ƙaho. Yana magana yana kai da komo, yana duƙawa ya nuna ƙasa, ya miƙe ya nuna sama. Mai wannan baya, in ji shi, ba ya ɗaura wa kansa takalmi, ba ya ruku'u, iyalinsa ma sai haƙuri. Ma'aikata suka ƙunshe dariya. Ya juya ya ce wa Tamba ya buɗe ido da kyau, irin wannan ake yi wa allura.

Roda ta tambaya, cikin ladabi, ko zai yiwu mai hoton yana yawo lafiya lau.

"In wannan bawan Allah ya taka daga nan zuwa ƙofa ba sanda," in ji Dakta, "yau da hannuna zan duba manomin nan, in yi masa abin da ya zo nema, ke kuma ki zauna a kujerata. In ba haka ba, ki ajiye makullan ɗakin na'ura. Ku shaida."

Suka ce sun shaida. Ya ce ta nemo lambar mutumin a kira shi yanzu.

Roda ba ta taɓa waya ba. Ta sa farce ta ɓanɓare filastar, ta ja da baya. Dakta ya gyara tabarau, ya matso yana murmushi.

A kusurwar hoton an buga kwanan watan bikin buɗe na'urar, a ƙarƙashinsa kuma, da manyan baƙaƙe, sunan Dakta Aminullahi.