Manyan Haruffan Ruwaida

Tun da Abu Yazan ya yarfa Ruwaida a gaban ma'aikata, shayi ma ya ƙi wuce masa. Shafin intanet ɗin da ta tsara wa kamfaninsa na Amman ne ya jawo.

"Haruffa kamar allon tallan bakin titi," ya ce mata. "Tsakanin layi da layi kuwa sai a faka mota. Makafi kika yi wa?"

Kowa ya yi dariya, ban da ita.

Bayan azahar ya lallaɓa teburinta, ya ajiye mata kunafa mai zafi, kayan zaƙin Larabawa.

"'Yata, ban kyauta miki ba. Amma gyara kam sai an yi. Na karanta shi daga sama har ƙasa."

"Da kanka ka karanta, Baffa?"

"Da kaina mana."

Ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdulillahi. Tun bara ni ke karanta maka komai, kana cewa hasken allo ne ke damunka. Na tambayi matarka, Ummu Yazan, girman rubutun da likita ya ce idonka zai iya. Ban gaya wa kowa a ofis ba."

Ya juya ya kalli allon. Tar yake ganin kowane harafi.