Wanda Ya Goyo Mijina Daga Daji

"Sau nawa zan ce masa ya daina yawo da bindiga a ɗane?" in ji yayan mijina, yana share hawaye a ƙofar ɗakin tiyata. "Muna bin sawun barewa ya yi tuntuɓe, ta tashi da shi."

Rigarsa duk jini. Shi ya goyo mijina tun daga tsakiyar daji har bakin titi. Na durƙusa ina godiya.

"Yaya, ba don kai ba, da ni da yaran nan mun shiga uku."

"Haba, ƙanina ne fa. Ganganci ne dai ya yi masa yawa."

Kwana biyu mijina bai farfaɗo ba. Ina yi masa addu'a, ina kuma jin haushinsa. Duk wanda ya zo dubiya, da bakina nake cewa shi ya jawo wa kansa. Har mahaifiyarsu na faɗa wa haka.

Rana ta uku da hantsi, nas ta shigo wankin rauni.

"Baiwar Allah, kama min mu juya shi."

"Juya shi kuma? Ba a ciki ya harbi kansa ba?"

Ta tsaya tana kallona.

"Wa ya ce miki? Ai duk ta gadon baya muka ciro harsashin. Daga nesa aka harbe shi."

Na waiga. Yaya na zaune a bakin ƙofa yana cin abincin da na dafo masa. Lomar hannunsa ta kasa kaiwa baki.